Kwamfuta Ba Ta Raba Ɗalibi Da Lissafi Ba

A 'yan shekarun nan, duk inda 'yan Arewa suka yi zango a Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko, zuwa Sabo ta Badun da ta Shagamu, har Ama Hausa a Owerri, da wuya a zauna hirar karatun yara ba a ji wani magidanci ya ce ɗansa kwamfuta yake karantawa ba. Fatake da dillalai da 'yan canji da masu gadi suna tsame kuɗi daga cikin jari, wani ma har ya sayar da ɗan bijimin da ya bari a gida, don a biya kuɗin makaranta a kuma saya wa yaro na'urar da zai riƙa koyo da ita. Dalilinsu kuwa a fili yake. Banki da asibiti da tashar jiragen ruwa da ofisoshin gwamnati duk sun koma aiki da ita, har jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ma tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta ta.

Sai dai akwai abin da yawancin iyayen ba su sani ba, su ma yaran sai sun shiga aji suke gane shi. Da yawa sun zaɓi wannan fanni ne da zaton sun rabu da lissafi ke nan, abin da ya rage sai danne-dannen maɓalli. Ran da aka miƙa musu jerin darussan zangon farko, sai su tarar da lissafi zaune yana jiransu, ga kuma ƙanensa a gefe, watau ilmin ƙididdiga. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Akan sami masu maimaita wannan darasi sau biyu ko uku, wasu kuma su haddace shi don jarrabawa, su manta da shi tun kafin su fita ƙofar makaranta.

Ba malamai ne suka ƙaga wannan don su wahalar da yara ba. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 take kuma da hedkwata a Kaduna, ita ce take tsara karatun kwalejojin kimiyya da fasaha na ƙasar nan, kuma a tsarinta na diflomar kwamfuta ta sa ƙididdiga da lissafin yiwuwar aukuwar abu tun a shekarar farko. Ita ma hukumar kula da jami'o'i, NUC, da ta fito da sabon tsarin karatu a ƙarshen 2022, ta ware ilmin kwamfuta ya zama fanni mai cin gashin kansa, ta kuma sa wa ɗaliban shekarar farko darasin ƙididdiga da wani darasi na koyon warware matsala.

DON ƘIDAYA AKA ƘERA TA

Wanda ya san asalin kwamfuta ba zai yi mamakin wannan ba. A Amurka, ƙidayar jama'a ta 1880 ta ci wajen shekara takwas kafin malamai su gama tara alƙalumanta da hannu. Ganin haka wani injiniya mai suna Herman Hollerith ya ƙera injin da yake karanta kati mai huji-huji, aka yi aiki da shi a ƙidayar 1890. Kamfanin da ya kafa yana cikin waɗanda aka haɗe suka zama IBM a 1924. Haka kuma a 1951, kwamfutar UNIVAC ta farko ofishin ƙidayar jama'a na Amurka ne ya karɓe ta. Ashe tun ran gini tun ran zane: aikin ƙidaya ne ya haifi na'urar.

Shi ilmin ƙididdiga, a taƙaice, shi ne sanin yadda ake tara alƙaluma, a tsara su, a fitar da hukunci daga cikinsu, a kuma san iyakar yardar da za a yi wa hukuncin. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuyar. Na'ura tana iya tara lambobi miliyan kafin ƙiftawar ido, amma ba ta da hanyar sanin ko lambobin da aka zuba mata na gaskiya ne, ko kuwa tambayar da aka yi mata ita ce ta dace. Wannan aikin wanda yake zaune a gabanta ne.

ƊAN KASUWA YA RIGA YA SAN RABINSA

Abin sha'awa shi ne, manyan ginshiƙan wannan ilmi ba baƙi ba ne ga ɗan da ya tashi a gidan fatauci. Mai sayen wake a Dawanau ba ya zazzage buhu ɗari ya duba ƙwaya-ƙwaya. Yakan soka wa wasu buhunan ƙarfen nan mai rami, ya fiddo 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, daga nan ya yanke hukunci a kan mota guda. A aji ana kiran wannan ɗaukar samfur. Gogaggen mai saye kuwa ba ya yarda mai kaya ya zaɓar masa buhun da zai soka, ba ya kuma tsayawa kan na bakin ƙofa. Haka mai sayen tumatir a kasuwar Mile 12 ya san na saman kwando ba shi ne shaidar na ƙasa ba, mai sayen goro a Shagamu ya san dole ya zura hannu tsakiyar huhu. Littattafan ƙididdiga suna cinye babi guda suna bayanin samfur mai son zuciya, alhali kwandon tumatir ya gama bayanin.

Haka nan batun matsakaici. A ƙaddara akwai mutum goma a rumfa ɗaya: 'yan dako tara, kowannensu yana samun naira 5,000 a rana, da dillali ɗaya mai samun naira 155,000. In aka tara aka raba goma, sai a ce matsakaicin samun mutanen rumfar naira 20,000 ne a rana. Lissafin daidai ne, na'ura ba ta yi kure ba, amma duk wanda ya kai wa 'yan dakon nan wannan labari zai sha dariya ko ya sha zagi. Saboda haka ake koya wa ɗalibi wata hanya ta biyu: ya jera mutanen daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, ya duba na tsakiya. Nan sai ya ga naira 5,000, wadda ita ce ta fi kusa da halin da rumfar take ciki. Kwamfuta za ta ba shi kowace amsa ya nema cikin biyun. Sanin wadda ta dace da magana, shi ne ilmin.

SARKIN YAWA BAI CI BA

Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a fagen ƙididdiga an taɓa kayar da shi, kuma labarin yana cikin waɗanda malaman wannan fanni suka fi son bai wa ɗalibai. A 1936 wata mujalla ta Amurka mai suna Literary Digest ta so ta faɗi wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa tun kafin a yi. Ta aika wa mutum miliyan 10 takardun tambaya, wajen miliyan 2 da dubu 400 suka amsa. Daga nan ta buga cewa Alf Landon zai kayar da shugaba Franklin Roosevelt. Da aka yi zaɓe, Roosevelt ya cinye jiha 46 daga cikin 48. Wani mutum kuwa, George Gallup, wanda ya tambayi mutane wajen dubu 50 kacal, ya faɗi wanda zai ci daidai.

Me ya jawo haka? Mujallar ta tsamo yawancin sunayen ne daga littattafan masu wayar tarho da rajistar masu mota, a lokacin da talakan Amurka yake fama da matsin tattalin arziki, ba shi da ko ɗaya. Bugu da ƙari, waɗanda suka ga damar amsawa sun bambanta da waɗanda suka yi shiru. Watau ta ɗebi tumatir miliyan biyu, amma duk daga saman kwando. Ba ta yi shekara biyu bayan wannan abin kunya ba ta rufe.

Darasin yana nan da ransa. Yaron da aka sa ya shirya tambayoyi ta intanet don a ji ra'ayin 'yan kasuwar Alaba Rago, in bai yi hankali ba zai ji ra'ayin samari masu babbar waya ne kawai, dattawan da suke riƙe da kasuwar kuwa ko labari ba su ji ba.

MA'ANAR KALMA KAN JUYA ALƘALAMI

Wani abin da ake son ɗalibi ya saba da shi shi ne tambayar abin da aka ƙidaya kafin ya karɓi adadi. Ga misali daga gida. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi a Nijeriya sun kai kashi 33.3 daga cikin ɗari na masu iya aiki. A watan Agusta na 2023 sai ta sanar cewa a farkon wannan shekarar kashi 4.1 ne. Jama'a suka yi ta surutu, wasu suna cewa ƙarya ce, wasu suna tambaya ina aka buɗe sababbin masana'antu.

Abin da ya faru shi ne an sake mudun awo. A da, wanda bai yi aikin sa'a 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako don samun kuɗi ana ɗaukarsa mai aiki ne. Don haka mai yankan farce da mai turin baro da mai sayar da rake a bakin titi duk sun shiga layin masu aiki, ko da abin da suka samu bai cika cikinsu ba. Ɗalibin da ya jera adadin nan biyu a zane ɗaya, ya ce rashin aiki ya faɗi warwas, ya gwada mudun Kano da tiyar wani gari ke nan, kuma na'urarsa ba za ta hana shi ba.

NA'URA BA TA YIN GYARAN MURYA

A kaka ta 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin mutum 15,841 da suka kamu da cutar bai shiga lissafi ba, daga 25 ga Satumba zuwa 2 ga Oktoba. Dalili shi ne ana zuba sakamakon a wani tsohon salon takardar Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da takarda ta cika, sauran suka zube, na'ura ba ta ce uffan ba. Dubban mutanen da suka yi cuɗanya da masu cutar ba a neme su a kan lokaci ba. Abin da aka rasa a nan ɗabi'a ce da kowane yaron shago ya sani: in an loda buhu 300 a Kano, a ƙidaya a ga 300 ne suka sauka a Ikko.

Ga wani lissafi da ya shafi aljihun mai karatu kai tsaye. A ƙaddara wani matashi ya rubuta wa banki manhajar kama 'yan damfara. Cikin turin kuɗi 10,000 da ake yi a rana, 10 ne na damfara. Manhajar tana kama 9 daga cikin goman nan, tana kuma yin kure a kan mutumin kirki ɗaya cikin kowane ɗari. A kunne wannan aiki ne mai kyau ƙwarai. To amma ɗaya cikin ɗari na mutanen kirki 9,990 wajen mutum 100 ne. Watau kullum za a rufe asusu 109, tara kaɗai ne na ɓarayi. Sauran ɗarin kuwa cikinsu har da falken shanu da yake tsaye a Kara, mota tana jira, kuɗinsa sun maƙale. Yaron da ya iya rubuta manhaja amma bai iya wannan ɗan lissafi ba, zai miƙa aikinsa yana alfahari, bai san ɓarnar da ya shuka ba.

YADDA AKE KOYARWA

Tsohuwar hanya kowa ya san ta. Malam ya cika allo da ƙa'idoji, ya ba da lambobi goma sha biyu da ba a san daga ina suka fito ba, ɗalibai su kwafa, su haddace, su amayar ran jarrabawa. Masana koyarwa sun daɗe da juya mata baya. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da shawarwari a 2005, ta sabunta su a 2016, inda ta ce a riƙa aiki da alƙaluman gaske masu asali da manufa, a fifita fahimta a kan hadda, a sa ɗalibai su yi da hannunsu, a bar wa na'ura wahalar tarawa da rabawa don lokacin aji ya tafi wajen tunani.

Wajen warware matsala kuwa, malamai da yawa har yanzu suna bin matakai huɗu da George Polya, wani malamin lissafi ɗan asalin Hangari da ya koyar a Jami'ar Stanford, ya shimfiɗa a 1945: a fahimci matsalar, a tsara dabara, a aiwatar da ita, sa'an nan a waiwaya a duba.

Alal misali, mai sana'ar POS a Obalende ya ce wa ɗalibi ya lissafa masa tsabar kuɗin da ya kamata ya riƙa fitowa da su kowace safiya. Matakin farko, ɗalibi ya gane abin da mutumin yake tsoro: kada kuɗi su ƙare masa abokin ciniki ya koma wurin maƙwabci, kada kuma ya riƙe da yawa ɓarayi su yi masa ido. Na biyu, ya karɓi littafin cinikin wata uku ya raba shi rana-rana. Na uku, ya lissafa, a ce ya sami matsakaicin naira 200,000 a rana. Raggon ɗalibi a nan zai tsaya. Mai bin mataki na huɗu zai waiwaya ya ga cewa ranar Juma'a da ƙarshen wata abin yakan kai naira 450,000, ranar Talata kuwa da ƙyar ya kai 100,000. In aka bi matsakaici, mutumin zai rasa kuɗi a ranakun da ciniki ya fi, ya kuma yi dakon kuɗin banza a ranakun da babu. Amsar da ta dace ita ce kowace rana da nata adadi, da ɗan ƙari saboda tsaro. A wannan aiki guda ɗalibi ya koyi matsakaici, da bambancin da ke tsakanin alƙaluma, da rubuta manhaja, da sauraron mai matsala.

Kayan aikin ma ba sa bukatar dukiya. Manhajar R, wadda masana a duk duniya suke aiki da ita, malamai biyu ne na Jami'ar Auckland a Niyu Zilan, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka fara ta a farkon shekarun 1990 don koyar da ɗalibansu, kuma kyauta ce. Python ma kyauta ce. Hukumar NBS tana saka rahotannin farashin abinci da na man fetur jiha-jiha a intanet, kowa yana iya saukewa. Malamin da ya ce wa ajinsa su gwada farashin wake a Kano da Ikko na shekara biyu ya ba su aikin da za su iya kai wa iyayensu su yi musu gyara.

Irin wannan horo yakan sa ɗalibi ya daina tsoron manyan sunaye. A 2010 wasu fitattun masana tattalin arziki biyu na Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka ce in bashin ƙasa ya wuce kashi 90 daga cikin ɗari na arzikinta, bunƙasarta takan durƙushe. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da wannan wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, wanda aka bai wa aikin aji na sake bin lissafin, ya gano cewa an tsallake ƙasashe biyar wajen tarawa a takardar Excel. Da aka gyara wannan da wasu matsalolin, ƙasashen da aka ce arzikinsu yana ja da baya sai ga shi yana ƙaruwa da kashi 2.2 a shekara.

INDA GIZO KE SAƘA

Ba a nan take ba, domin akwai cikas. A makarantu da yawa aji yakan cika ya batse, kwamfutocin ɗakin gwaji ba su isa ba, wuta kuma sai ta ga dama. Sau da yawa malamin ƙididdiga daga wani sashe ake aro shi, ya koyar da 'yan kwamfuta kamar yadda yake koyar da 'yan akanta, shi kuma malamin manhaja bai taɓa ambaton ƙididdiga a ajinsa ba, sai yaro ya ɗauka abubuwa biyun ba su da dangantaka. Ga kuma matsalar harshe: tambayar ƙididdiga labari ce da Turanci, wanda bai fahimci labarin ba ba zai san abin da zai lissafa ba, ko da kansa yana ja. Yaron da yake iya lissafin ribar buhu arba'in a ka, sai a ga ya faɗi jarrabawa, a ce ba shi da ƙwaƙwalwar lissafi.

Wannan magana kuwa ba ta da tushe. Tun ƙarni na 18 Katsina ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya yi rubutu a kan ilmin lambobi ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Kasuwancin goro da shanu tsakanin Arewa da Kurmi ma da lissafi da riƙon amana ya rayu tun kafin zuwan banki.

ABIN DA YA RAGE GA IYAYE

Uban da yake shirin sa ɗansa a wannan hanya ya kamata ya san abu uku. Na farko, ƙofar tana buɗewa ne da kiredit a lissafi da Turanci a jarrabawar gama sakandare, don haka in za a kashe kuɗin darasin yamma, tun a nan ya kamata a kashe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, shagunan koyon kwamfuta na wata uku ko shida suna da amfaninsu, suna koya wa yaro buga takarda da sarrafa na'ura, amma kafin a biya kuɗi mai yawa a tambaya ko ana koyar da aiki da alƙaluma. Shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku ya sa nazarin alƙaluma cikin fannoninsa, akwai kuma Makarantun Ƙididdiga na Tarayya a Badun da Inugu da Kaduna ga mai son zurfafawa.

Na uku, kuma mafi sauƙi, kada a raba yaro da rumfa. A ba shi littafin ciniki a lokacin hutu, a ce ya faɗi watan da aka fi samu, da kayan da suka fi kwantai, da yawan bashin da ba ya dawowa. In ya kawo amsa, uban ya gwada ta da abin da shekaru suka koya masa, inda suka saɓa su zauna su binciko dalili. Masu buga takarda sun yi yawa a kowane lungu na Ikko, kuma ladansu kullum raguwa yake yi. Wanda bankuna da kamfanonin waya da hukumomi suke nema shi ne wanda za a ajiye wa tulin alƙaluma ya ce wannan gaskiya ne, wannan kuwa a sake dubawa.